Kogin Current na Mizuri: Inda Ake Sayen Tafiyar Hawainiya

A kudancin Jihar Mizuri ta ƙasar Amurka akwai wani yanki mai tuddai da dazuzzuka da ake kira Ozak, kuma mutanen jihar suna da wata al'ada ta lokacin zafi wadda Bahaushe zai daɗe yana jinjina ta kafin ya gane inda daɗinta yake. Daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Satumba, magidanci zai kwaso iyalinsa daga birnin Sent Luwis ko Kansas Siti, ya yi tuƙin awa uku zuwa biyar, ya kama hayar ɗakin katako a bakin daji, kashegari kuma ya biya kuɗi a ba shi kwale-kwale ya shiga kogi. Ba su ya kawo shi ba, ba fito zai yi ba, babu kuma mai jiransa a ƙetare. Zama zai yi ruwa ya tafi da shi kilomita 12 ko 15 a yini guda, tafiyar da mota za ta cinye cikin minti 20. In ya isa inda aka yi alkawari sai ya fito, ya bar jirgin a gaɓa. To, shi ke nan an yi hutu.

Na shiga wannan sabga ne a wani watan Yuli, lokacin da nake ziyarar bincike a ɗaya daga cikin jami'o'in jihar, bisa gayyatar wani abokin aiki da ya saba kai 'ya'yansa can kowace shekara. Kogin da muka nufa shi ne Current. Daga garin Salem muka bi babbar hanya mai lamba 19 muka yi kudu, hanyar tana nannaɗewa tsakanin tuddai kamar igiyar guga da aka yar a ƙasa. Kafin mu kai ga ruwa wayoyinmu sun daina samun sabis. Mafi yawan wannan shiyya tana cikin Gundumar Shannon ne, wadda mutanenta duka-duka ba su wuce 7,000 da 'yan kai ba, hedkwatarta kuwa, garin Eminence, ba ta kai mutum 600 ba. Amma wannan kogi da ƙaninsa Jacks Fork suna karɓar baƙi fiye da miliyan ɗaya a shekara.

Sana'ar tana da tsari mai sauƙi. Masu ba da hayar jirage suna da rumfuna a kusa da mashigai, da tarin kwale-kwalen gorar ruwa da na roba an jera su kan tirela, da tif-tif irin na tayar babbar mota ga wanda ya fi son ya kwanta rairan ruwa ya ja shi. Za ka ajiye motarka, ka sa hannu a takarda, a ba ka filafili da rigar kariya daga nutsewa, sannan a loda ku cikin tsohuwar bas ɗin makaranta mai ruwan ɗorawa, wadda ta gama aikin kai yara aji ta dawo yi wa kogi hidima. Bas ɗin za ta hau da ku can sama da kogin ta sauke ku. Daga nan sauran aiki na ruwa ne. Mu a ranar farko an sauke mu a Cedargrove muka gangaro zuwa Akers, inda a lokacin akwai wani tsohon jirgin fito mai ɗaukar mota biyu; a rana ta biyu muka tashi daga Akers zuwa Pulltite.

Abu na farko da ke kama idon baƙo shi ne ruwan kansa. Wanda ya tashi yana ganin kogi jawur da damina, busasshen yashi kuma da rani, sai ya ɗan yi shakkar idonsa: a wurin da zurfi ya kai tsayin mutum kana iya ƙirga tsakuwar da ke ƙasa, kana ganin inuwar kwale-kwalenka tana bin ka a gindin kogin, kifaye suna kaucewa daga ƙarƙashinta. Ga shi da sanyi kamar daga randa aka kwarfo shi, alhali a sama rana tana dukan mutum da zafi mai gumi irin na Lakwaja. Dalili shi ne kogin ba da ruwan saman jiya ya dogara ba. Ƙasar Ozak a kan wani irin dutse take mai narkewa a hankali, dangin wanda ake yin farar ƙasa da shi. Ruwan sama kan sulale ta tsagogi da ramuka, ya yi tafiya a cikin koguna na ƙarƙashin ƙasa, sannan ya ɓullo a matsayin marmaro, da sanyin da ba ya wuce digiri 13 zuwa 14 a ma'aunin Salshiyas, ko a tsakiyar hunturu ko a tsakiyar zafi. Waɗannan marmaro su ne ke ciyar da Current, shi ya sa ba ya ƙafewa ko a shekarar fari.

Mafi girmansu shi ne Big Spring, wato Babban Marmaro, kusa da garin Van Buren. A matsakaicin lissafi yana fitar da galan miliyan 286 a kowace rana, abin da ya haura lita biliyan ɗaya, daga gindin dutse guda, yana tafasa kamar tukunya a kan murhu. Masana sun zuba rini a wasu ƙoramu masu ɓacewa cikin ƙasa, rinin ya ɓullo a wannan marmaro daga nisan kusan kilomita 60. Akwai kuma Blue Spring, mai zurfin mita 94, wanda shuɗinsa ya yi kama da na marinar Ƙofar Mata. Duk wanda ya taɓa wanka a marmaron Wikki na Yankari ya san irin garai-garai ɗin da nake nufi. Bambancin kawai shi ne Wikki yana rungumarka da ɗumi, waɗannan kuwa sai ka ciji haƙora kafin ka sa ƙafa ta biyu. Darasin rinin nan bai tsaya ga masana ba. Mutumin da ya jefa mushe ko ya zubar da baƙin mai a wani rami a gonarsa, mai yiwuwa ne ya shayar da mutanen da bai taɓa jin sunan garinsu ba.

Kafin a kai Akers akwai marmaron Welch, wanda idan ya shigo sai kogin ya kusan ninka girmansa nan take. A bakinsa akwai kangon wani gini na dutse, ba rufi, itatuwa sun tsiro a cikinsa. Wani likita daga Jihar Ilinoyi mai suna C. H. Diehl ne ya sayi wurin a 1913, bisa imanin cewa iskar da ke fitowa daga kogon marmaron za ta warkar da masu asma da tarin fuka. Ya gina asibitinsa a daidai bakin kogon domin iskar ta riƙa ratsa ɗakuna. Marasa lafiya ba su zo da yawa ba, saboda a lokacin babu hanyar kirki da za ta kawo mai ciwon ƙirji wannan lungu. Ya rasu a 1940, ginin ya koma kango. Na daɗe a tsaye a wurin ina jin wannan iska mai sanyi tana fita ta ƙofar da babu ƙyaure, ina tunanin mutumin da ya hango cewa za a zo nan neman lafiya, ya kuma yi gaskiya, sai dai ya riga kwalta zuwa.

Ita tafiyar kanta ba ta da wani abin bajinta, kuma nan ne sirrinta yake. Kogin yana tafiya ne zango-zango: kwari mai zurfi inda ruwa ke lafawa har ka ɗauka tsaye kake, sai gangare mai tsakuwa inda yake ɗan zabura yana surutu. Haɗarin da ake gargaɗi a kai shi ne kututturen itacen da ambaliya ta tuge ta ajiye a kan kwana, domin ruwa yana bi ta cikin saiwoyinsa, jirgi kuwa ba ya iya bi. A irin wannan kwana muka ga wasu samari biyu sun kife, kular abincinsu ta yi gaba, takalmansu na bin ta a baya, su kuma suna tsaye ruwa iya ƙugu suna dariya. Kififiya tana shan hantsi a kan gungume, zalɓe yana tsaye a gefe ba ya ko kula mu. Duwatsu tsaye kamar ganuwa suna tashi daga cikin ruwan, itatuwa na reto a kansu. Tsakanin Akers da Pulltite akwai Cave Spring, inda ake tura kwale-kwale har cikin bakin kogo, a ji duhu da sanyi sun rufe mutum cikin ɗan lokaci. Da azahar sai a ja jirgi kan tudun tsakuwa, a ci guzuri, yara su yi ta jifan ruwa. Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. A nan daɗewar ce aka biya wa kuɗi.

Masauki kuma iri-iri ne. Akwai masu kafa tanti, amma iyalai sun fi son ɗakunan katako. Namu na wasu mutanen yankin ne, miji da mata: ɗaki biyu da falo, da ɗan kicin, da na'urar sanyaya ɗaki mai ƙara, da baranda da aka kewaye da raga saboda sauro, a waje kuma murhun gashi da tarin itace. Matar ta gargaɗe mu game da kaska, ta ce kowa ya duba jikinsa kafin ya kwanta. Da dare ya yi ƙarar gyare ta cika dajin, ƙwarin nan masu walƙiya suka mamaye fili, taurari kuwa suka fito irin fitowar da na rabu da gani tun ina yaro a ƙauye. Mafi daraja a cikin ɗakunan yankin su ne na Big Spring, na dutse da katako, waɗanda matasan rundunar aikin gayya da Shugaba Roosevelt ya kafa a 1933 suka gina lokacin karyewar tattalin arziki. Ana biyan kowane saurayi dala 30 a wata, dole ya aika 25 gida. Na zamani kuma su ne na Echo Bluff, wurin shaƙatawa na gwamnatin jiha da aka buɗe a 2016 bayan an kashe fiye da dala miliyan 50.

Mai karatu zai iya ɗauka wannan wuri haka yake tun fil azal, hannun ɗan Adam bai taɓa shi ba. Ko kusa. Ƙabilar Osage ce ke farauta a nan kafin yarjejeniyar 1808 ta raba ta da ƙasar. Daga shekarun 1880 kuma kamfanonin katako suka shigo. A garin Grandin an kafa injin yankan katako da ake lissafa shi cikin mafi girma a duk Amurka a zamaninsa, ya yi ta cin dajin har zuwa 1909, da itace ya ƙare aka kwashe injinan aka matsa kusa da Eminence. Ta wannan kogi ake koro dubban gumagumai da katakon shimfiɗa dogo zuwa tashar jirgin ƙasa. Da kamfanonin suka tafi sun bar tuddai tsirara da mutane ba aiki. Masana da dama suna danganta yawan tsakuwar da ke cikin kogin a yau da zaizayar da ta biyo bayan wancan sara da noman gangare da kiwon sake. Wato tudun da muka shimfiɗa tabarma a kansa muna yaba kyawun halitta, wani ɓangarensa tabon rauni ne. Dajin da ke yi mana inuwa kuma sabon toho ne, bai fi shekara ɗari da 'yan kai ba.

Barazana ta biyu ita ce madatsar ruwa. Asalin wannan al'ada ta bin kogi ya fi ƙarfi ne a kan kogin White, inda tun farkon ƙarni na 20 mutanen yankin ke ɗaukar masu kuɗin birni cikin dogayen jiragen katako masu shimfiɗaɗɗen gindi, su yi kwanaki suna kamun kifi suna kwana a tudun tsakuwa. Madatsar Bull Shoals ta 1951 da ta Table Rock ta 1958 suka binne mafi kyawun wannan hanya a ƙarƙashin tafkuna. Injiniyoyin sojan Amurka sun tsara wa Current irin wannan makoma, amma a 1949 Gwamna Forrest Smith ya fito ya ƙi amincewa, aka janye shirin. Bayan shekaru ana kai-kawo, har Sakataren Harkokin Cikin Gida Stewart Udall ya zo da kansa ya bi kogin a 1961, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta mai da kilomita 216 na Current da Jacks Fork gandun ƙasa a watan Agustan 1964. Wannan ne karo na farko da Amurka ta keɓe gandu takanas domin kare kogi mai gudana.

Sai dai wani ne ya biya kuɗin sabulu. Domin a haɗa gandun, mai faɗin kimanin eka 80,000, gwamnatin tarayya ta sayi gonaki, ta karɓe wasu da ƙarfin doka bayan an yi musu ƙima, wasu kuma ta bar su a hannun masu su bisa sharaɗin ba za su yi sabon gini ko sare itace a bakin kogi ba. Direban bas ɗinmu, dattijo mai ƙarancin magana, ya nuna mana wani fili da ya koma daji, ya ce nan kakanninsa suka yi noma, kuma tsofaffin gidansu har suka mutu ba su yafe ba. Ya faɗi haka ne yana tuƙa mu zuwa wajen da yake cin abinci albarkacin gandun da ya cinye gonar. Bai ga wani saɓani a cikin maganarsa ba, ni ma da na yi tunani ban gani ba. Wannan tsamin dangantaka bai gushe ba. A farkon shekarun 1990 hukumar gandun ta so kwashe garken dawakan da suka zama na daji a Gundumar Shannon, mutanen gari suka yi tsaye, har Majalisar Dokokin Amurka ta yi doka a 1996 cewa a bar su, muddin ba su wuce 50 ba. Rigimar ta wuce batun doki. Mutane ne ke neman a bar musu wani abu guda da za su ce da bakinsu aka yi.

Akwai wasu hukunce-hukunce biyu da suka ba ni sha'awa fiye da dokar 1964. Na farko shari'ar Elder da Delcour ce ta 1954, wadda ta taso a kan kogin Meramec, tsakanin mai kamun kifi da manomin da kogin ya ratsa gonarsa. Kotun Ƙolin Mizuri ta yanke cewa ko da ƙasar da ke ƙarƙashin ruwan mallakar manomi ce, jama'a suna da haƙƙin bi ta kan kogin, su taka cikinsa, su kama kifi, su kuma ɗauke jirginsu su kewaye abin da ya tare hanya. A kan wannan hukunci duk sana'ar take tsaye. Na biyu kuwa ƙuri'ar da aka kaɗa ce a watan Agustan 1978, lokacin da aka riga aka fara aikin madatsa a kan Meramec ɗin: aka tambayi mutanen shiyyar, kashi 64 cikin 100 suka ce ba sa so, aka tsayar da aikin, a 1981 aka soke shi baki ɗaya. Ban ce kowace madatsa sharri ce ba. Wanda ya ci shinkafar Kadawa ya san abin da Tiga ta yi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne an tambayi mutane, kuma amsarsu ta yi aiki bayan an riga an zuba kuɗi.

Shin kogin ya azurta masu shi? A ganina amsar ita ce ya riƙe su, bai ɗaga su ba. Shannon tana cikin gundumomi mafi talauci a jihar har gobe. Kasuwar ta wata uku ce da 'yan makonni, cikinsu ma Asabar ce uwa. Abin da mai ɗakunan haya da mai gidan abinci da yarinyar da ke wanke zannuwan gado suka samu a wannan tsakani, shi za su ci har wata shekara, sai a haɗa da aikin katako da kiwon shanu. Ruwan da ke ciyar da su kuma shi ke cin su. A ƙarshen Afrilun 2017 kogin ya tashi ƙafa 37.2 a Van Buren, fiye da mita 11, ya shafe tarihin ƙafa 29 da ya tsaya tun 1904, ya kwashe gidaje da ɗakunan haya da sansanoni ana saura wata guda kaka ta buɗe. A wani shago an nuna mini layin da aka ja a bango, inda ruwan ya tsaya. Sai da na ɗaga kai.

Asabar ɗin da ake rayuwa da ita ita ce kuma ciwon kan wurin. A ranakun aiki kana iya yin rabin awa ba ka ga kowa ba. Ranar Asabar kuwa, musamman a kusa da manyan mashigai, kogin kan koma kamar tashar mota: tif-tif ɗaure da juna, kiɗa, ihu, da giya tun hantsi. An haramta shiga da kwalba, ana kuma raba buhun zuba shara ga kowane jirgi, amma jami'ai ba su da yawan da za su bi kowa. Mai iyali da ke son natsuwa, shawarata ya zaɓi Talata ko Laraba. Wani sashe na Jacks Fork a ƙasa da Eminence ya taɓa shiga jerin gurɓatattun ruwaye saboda ƙwayoyin cuta na kashi, ana kuma danganta hakan da cunkoson dawakan sukuwa da na mutane. Akwai wata halitta dangin kwaɗo mai siffar damo da ke zama ƙarƙashin duwatsun kogin, tsawonta kan haura rabin mita, tana numfashi ta fata, don haka ba ta jure ruwa mai datti. A 2011 aka sa ta cikin halittun da ke gab da ƙarewa, kuma a gidan namun dajin Sent Luwis ake ƙyanƙyasar 'ya'yanta ana dawo da su. Mafi yawan masu wucewa ta kanta suna waƙa ba su san da zamanta ba.

Wani abu kuma da ba zan tsallake ba: cikin kwana biyu a kan ruwa, baƙaƙen fatar da na gani ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Babu wanda ya yi mini ko kallon banza. Gaisuwa ce daga kowane jirgi. Amma rashin nan yana da tarihi. Bayan kisan gillar da gungun fararen fata suka yi a Pierce City a 1901 da Springfield a 1906, iyalai baƙaƙe da yawa sun bar yankin Ozak ba su waiwayo ba. Al'adar hutu gado ce, uba ne ke kai ɗa inda aka kai shi. Kotu tana iya cewa kogi na kowa ne, amma ba ta iya sa wa mutum sha'awar wurin da kakarsa ta gargaɗe shi kada dare ya same shi a can.

Da Litinin ɗin farko ta Satumba ta wuce, wato hutun ranar ma'aikata a Amurka, baƙi sukan janye. A jera kwale-kwale a kife, a ajiye bas-bas a ƙarƙashin itace, a rage farashin ɗakuna. Ranar 15 ga wata kuma lokacin kamun kifi da mashi ke buɗewa. Direban nan ya ce a lokacin ne ya kamata in dawo in ina son ganin mutanen wurin. Da dare suke fita cikin jirage masu shimfiɗaɗɗen gindi, fitilu a goshin jirgi suna haska ƙasan kogin tar, mutum yana tsaye da doguwar gora mai ƙarfe mai haƙora a bakinta, yana sukar wani kifi mai yawan ƙaya da baƙin birni ba sa waiwaya. Sai a tsaya a tudun tsakuwa a hura wuta, a tsattsaga kifin ƙanana-ƙanana yadda mai zai narkar da ƙayar, a birkiɗa shi cikin garin masara, a soya tare da dankali, a ci a tsaye cikin sanyi.